Hasbiyar Bahar Dar: yadda tsuntsu ke kayar da jirgin sama

Ranar 15 ga watan Satumba na shekarar 1988, wani jirgin saman kamfanin ƙasar Habasha, samfurin Boeing 737, ya tashi daga Bahar Dar, garin da ke bakin tafkin Tana, zai je Asmara da mutum 104 a cikinsa. Ya ɗaga hanci ke nan sai ya kutsa cikin garken tsuntsaye, injinansa biyu suka haɗiye su. Matuƙa suka yi ƙoƙarin juyowa, inji ɗaya ya mutu, na biyun ya bi shi, ala tilas suka kwantar da jirgin a ƙasa ba tare da tayoyi ba. Wuta ta kama. Mutum 35 suka rasa rayukansu.

Tsuntsuwar da ta yi wannan ɓarna ba baƙuwa ba ce ga mutumin Maraɗi ko na Damagaram. Hasbiya ce, mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fuffuke, wadda ke kwana a kan soraye da giginya, yara na bin ta da danƙo. Nauyinta bai kai rabin kilo ba. To, yaya aka yi abin da yaro ke kayarwa da tsakuwa ya kayar da jirgi mai tan hamsin?

Amsar tana cikin gudu. Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudun abin hawa: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun sai ya ninka sau huɗu. Tsuntsu mai kilo 5 da ya gamu da jirgi mai gudun kilometir 275 a awa, bugunsa daidai yake da na buhun gero mai kilo 100 da aka sako daga bisan metir 15. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin buhu ya suɓuce daga saman kamiyo ya san abin da ake nufi. Sannan shi injin jirgin zamani babban baki ne mai zuƙar iska, da fukafukan ƙarfe masu juyawa sau dubbai a minti guda. Tsuntsu ya shiga, fiffike ɗaya ya lanƙwashe ko ya karye, guntunsa ya fasa na bayansa, haka ɓarnar za ta bi ciki har inji ya shaƙe. Masu ƙera injina sun san da wannan. Kafin a ba sabon inji takardar izini sai an harba masa gawar tsuntsu da wata irin bindigar iska, a ga yadda zai yi. An kuma ƙera jirgin fasinja yadda zai iya tashi ya sauka da inji ɗaya. Garke ne abin tsoro, domin shi ke cika injina biyu a lokaci guda.

Tarihin abin ya tsufa kusan kamar jirgin kansa. Tun a 1912 wani matuƙi Ba'amurke, Kal Rojas, ya mutu a gaɓar tekun Kalifoniya bayan tsuntsun ruwa ya maƙale a jirginsa. A watan Oktoba na 1960 wani jirgi ya faɗi a Boston jim kaɗan bayan tashi, saboda garken ƙananan tsuntsaye, mutum 62 suka mutu cikin 72. A yankinmu kuwa, a watan Nuwamba na 1973, wata ungulu ta yi karo da jirgi a sararin samaniyar Abijan, a bisan metir 11.300, jirgin ya sauka lafiya, kuma da gashin da aka samu a injin aka gane irinta.

Amma labarin ungulun Abijan abin mamaki ne kawai. Galibin karon yana faruwa ne kusa da ƙasa, wajen tashi ko sauka, a cikin filin jirgi ko a kewayensa, a lokacin da matuƙi ba shi da bisan da zai ba shi damar dabara.

Labarin da duniya ta fi sani shi ne na ranar 15 ga Janairu 2009, lokacin da jirgin Airbus A320 ya tashi daga Niyok ya gamu da dinyoyin Kanada, injina biyu suka daina aiki, matuƙi Salinbaga ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duka suka tsira. An yi ta yabonsa, kuma ya cancanta, har fim aka yi. Sai dai yabon gwani yana da illa guda: yakan sa hukumomi su zaci maganin abin yana hannun matuƙi. Ranar 29 ga Disamba 2024, a Muwan ta Koriya ta Kudu, hasumiyar filin jirgi ta gargaɗi wani Boeing 737 game da tsuntsaye mintoci kaɗan kafin ya sauka. Ya zo ya ja ciki a kan titi babu tayoyi, ya daki wani ginin kankare da ke ƙarshen titin. Mutum 179 suka mutu cikin 181. Masu bincike sun samu gashi da jinin agwagwar ruwa a injinan biyu.

Tsuntsu ba ya zuwa filin jirgi don kallo. Abinci ke kawo shi, da ruwa, da wurin kwana. Wannan ne ya sa hukumar kula da sufurin sama ta duniya, OACI, ta shawarci ƙasashe su sa ido kan duk abin da ke jan tsuntsaye a cikin da'irar kilometir 13 daga filin jirgi, juji a kan gaba. A nan ne maganar ta bar hannun matuƙi ta koma teburin ma'aikacin da ke raba filaye a ofishin magajin gari, da attajirin da ke neman wurin kafa abatuwa ko majema. Inda aka zubar da kayan ciki da jini, shirwa da ungulu ba sa bukatar gayyata. Inda shanu ke kiwo, balbela na biye. Ramin da aka haƙa don yin tubali yakan zama tafki da damina, ya tara zalɓe da agwagi. Garuruwan Sahel kuma faɗaɗa suke yi. Filin da aka gina a daji shekaru hamsin baya, yau unguwanni sun kewaye shi, kowace unguwa da jujinta. Takardar izini ɗaya da aka sa wa hannu ba tare da duban taswira ba tana iya ajiye garken shirwa daidai inda jirgin alhazai ke ɗaga hanci.

Ko babu mutuwa, akwai asara. Injin da ya haɗiye tsuntsu sai an buɗe shi an duba, wani lokaci a sauya shi ɗungurungum, kuɗinsa kuwa miliyoyin dala ne. Jirgi ya kwana a ƙasa, fasinja ya kwana a kan benci, hajar da aka yi alkawarin isarwa ta makara.

A cikin filin kansa akwai dabaru: harba abin ƙara, kunna kukan tsuntsu mai neman ceto ta lasifika, sakin shaho ko kare, cike kududdufai, kula da tsawon ciyawa. Manomin dawa da ya yi fama da jan-baki ya san iyakar irin wannan, domin mutum-mutumin da ya firgita tsuntsu ranar Litinin, ranar Juma'a a kansa zai sauka. Dole a riƙa sauya dabara, a kuma rubuta kowane karo a rajista, da irin tsuntsun da sa'ar da abin ya faru, don a san lokacin da za a ƙara ma'aikata a bakin titi.

A ƙasar Hausa wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. Da faɗuwar ruwan farko shamuwa ke isowa daga kudu, wadda manomi ke murna da ganinta, kuma ba a taɓa ta. A makonnin nan ne shinge ke fitowa bayan ruwa, fara ta biyo baya, buɗaɗɗen fili mai ciyawa ya zama akushin shamuwa da shirwa tun daga hantsi har la'asar. A Yamai kuma akwai kogin Kwara da gonakin shinkafarsa, waɗanda ke cikin da'irar nan ta kilometir 13 daga filin jirgin Diori Hamani, inda tsuntsayen ruwa masu gudun sanyin Turai ke sauka kowace shekara daga ƙarshen damina har zuwa bazara.