Ajin Turancin Manya: A Daina Tambayar Su Launin da Suka Fi So

Wata baiwar Allah da muke haɗuwa a masallacin unguwarmu a nan Ingila ta tsayar da ni bayan sallar Juma'a, ta zaro takarda daga jakarta ta miƙo min. Jerin tambayoyi ne da aka ba su a ajin koyon Turanci, wai su tattauna biyu-biyu. Wane launi kika fi so? Kyanwa ta fi burge ki ko kare? In aka ba ki kuɗi, wace ƙasa za ki je hutu? Matar nan ta haura hamsin, ta aurar da 'ya'ya, ta shekara ashirin tana sayar da atamfa kafin ta biyo iyalinta nan. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni da bangon ɗakina ke tsatsar ruwa, jikana yana tari dare da rana, ina ruwana da launi?" Na ce, "Hajiya, kin faɗa wa mai gidan hayar?" Ta sake laluba jakar ta fiddo wata wasiƙa da aka aiko mata makonni uku da suka wuce a kan wannan danshin. Ba ta gane abin da ke ciki ba, kuma a ajin babu wanda ya taɓa buɗe ƙofar irin wannan magana.

Matsayinmu a wannan shafi shi ne: babban mutum da ya zauna koyon Turanci, a ba shi batutuwan da ke gudana yau, waɗanda suke taɓa lafiyarsa da gidansa da takardunsa da 'ya'yansa, ya yi muhawara a kansu da ɗan Turancin da yake da shi. Harshen da ya koya a kan abin da ke hana shi barci shi ne zai zauna masa a ka, kuma shi ne zai yi masa rana.

Ba mutum ɗaya ko biyu abin ya shafa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales mutum kusan 880,000 ba sa jin Turanci sosai, wasu 161,000 kuma ba sa ji ko kaɗan. Dokar shige da fice ma sai ƙara matse wuya take. Wadda ta shigo da bizar aure sai ta nuna matakin A1 kafin ta zo, A2 idan za ta sabunta, B1 idan za ta nemi zaman dindindin, ga kuma jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambayoyi 24, wadda sai an ci 18 ake tsallakewa. A watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufofi da ta ce za a ɗaga waɗannan matakai, har a fara neman Turanci daga manyan da ke biyo ma'aikata da ɗalibai. To, shi kansa matakin B1 ɗin, daga cikin abin da ake dubawa akwai iya faɗin ra'ayi da kawo dalili. Wanda ya shekara yana amsa tambayar kyanwa da kare, yaushe ya yi atisayen kawo dalili?

A ɗakin marasa lafiya nake ganin sakamakon wannan giɓi. Na ga mutumin da zai iya lissafo sunayen 'ya'yan itatuwa goma da Turanci, amma ya kasa bambanta wa likita ko ciwon ƙirjinsa suka ne, ko ƙuna, ko nauyi kamar an ɗora masa dutse. Mu kuwa wannan bambancin ne yake nuna mana inda za mu fara dubawa. Na ga uwa ta ja ɗiyarta 'yar firamare ta yi mata tafinta a kan matsalar da ko ƙawarta ba za ta so ta ji ba. Yarinyar ta ji kunya ta rage magana, uwar ta ji nauyi ta ɓoye rabi. Alhali a asibitocin NHS majiyyaci na iya neman a kawo masa tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Da yawa ba su san da haka ba, waɗanda suka sani kuma ba su san yadda za su roƙa su tsaya a kan bakansu ba idan aka ce musu "ai ɗanki zai iya fassarawa".

Saboda haka batu na farko da ya kamata a shimfiɗa a aji shi ne lafiya, kuma a shimfiɗa shi a matsayin muhawara. Yaushe ake kiran 999, yaushe ake kiran 111, yaushe ake jiran likitan unguwa? Daidai ne yaro ya yi wa iyayensa tafinta a asibiti? Tun watan Mayun 2020 dokar Ingila ta ɗauka cewa babban mutum ya amince a ba da sassan jikinsa bayan mutuwa, sai dai in ya yi rajistar ƙin amincewa ko yana cikin waɗanda aka keɓe, ko da yake ana tuntuɓar iyali. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa zama da iyalinsu a kan wannan? Ga batun ba da jini: masu amosanin jini sun fi dacewa da jinin waɗanda suke asali ɗaya da su, kuma hukumar jini ta daɗe tana kiran baƙaƙen fata su fito. Me ke hana mu? Ga rahotannin mace-macen masu juna biyu a Birtaniya, waɗanda shekara da shekaru suke nuna cewa haɗarin da ke kan baƙar mace ya ninka na farar fata fiye da sau biyu. Matar da ta yi atisayen cewa "ban gamsu ba, ina son wani likita ya sake duba ni" a cikin aji, bakinta ba zai yi nauyi ba ranar da take kan gadon haihuwa.

Na biyu, gida. Duk wanda ke nan a 2022 ya ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, wanda ya rasu a Rochdale a watan Disambar 2020. Mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidansu ce ta yi ajalinsa. Iyayensa sun yi ta kai kuka tsawon shekaru, ba a saurare su ba, laifin kuma ba nasu ba ne. Daga nan aka samu dokar da ake kira da sunansa, wadda ta fara aiki a Ingila ranar 27 ga Oktoban 2025, ta ɗaure masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje da wa'adi: su binciki mummunan danshi da fumfuna cikin ranakun aiki 10, abin gaggawa kuma cikin awa 24. Doka ce mai kyau, amma sai wanda ya san da ita kuma ya iya ambatonta a waya take yi wa amfani. A kawo labarin aji da sauƙin Turanci, a tambayi ɗalibai: da ku ne, wa za ku fara kira? Me za ku rubuta? Wane hoto za ku ɗauka ku ajiye? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ya rage a ba shi kalmomin da zai nuna wurin.

Na uku, aiki da takardun zama. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu bizar kula da tsofaffi da marasa ƙarfi zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje. Katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, aka koma biza ta intanet. Waɗannan su ne hirar da ake yi a kicin da cikin bas, da Hausa, da jita-jita a ciki. A mayar da ita aji. A ɗauko takardar albashi ta gwaji a karanta tare: awa nawa aka yi, nawa aka cire na haraji, shin ya kai mafi ƙarancin albashi, wanda a Afrilun 2025 aka yanke shi fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama? A yi muhawara: idan wanda ya ɗauki nauyin bizarka yana zaluntarka, shiru ya fi ko magana? Kowa a ajin yana da abin faɗa a nan, har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba.

Na huɗu, tarbiyya. Scotland ta haramta dukan yaro kwata-kwata a 2020, Wales ta bi sahu a 2022, a Ingila kuwa har yanzu doka ta bar wata 'yar kafa ta horo mai sauƙi, amma duk abin da ya bar tabo ko rauni laifi ne. Iyaye da yawa sun fara jin wannan ne ranar da aka kira su daga makaranta, wato ranar da bakin alƙalami ya kusa bushewa. Ya fi kyau su fara jin sa a aji, inda za su iya cewa "mu a wurinmu ba haka ba ne", wata 'yar Somaliya ko Afganistan ta ba su amsa, a yi ta ja har kowa ya koyi yadda zai yi wa malamin makaranta bayani cikin natsuwa. Haka batun waya a hannun yara da abin da suke kallo a TikTok.

Na biyar, labarin ƙanzon kurege. A ƙarshen Yulin 2024 aka kashe 'yan mata uku ƙanana a Southport. Nan take ƙarya ta bazu a intanet cewa wanda ya yi kisan Musulmi ne mai neman mafaka. Aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu, aka kai hari otal-otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka a Rotherham da Tamworth. Mun tuna yadda muka rinƙa kiran juna muna cewa kada a fita. Mu ma fa ba mu tsira daga wannan cuta ba: saƙon murya nawa muka tura a WhatsApp ba mu san wanda ya fara shi ba? Ajin da zai ɗauko kanun labari biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na bogi, ya ce a gano wanne ne wanne kuma a kawo hujja, ya koyar da karatu, ya kuma koyar da kariyar kai.

Mun san uzurin malamai, kuma ba na banza ba ne. A aji ɗaya za ka tarar da wanda ya tsero daga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, da wadda ta baro Yukiren, da mabiya addinai daban-daban. Malama tana tsoron kada wata magana ta fama wa wani miki, ko a tashi baram-baram. Shi ya sa littattafan koyarwa da yawa suke kauce wa siyasa da addini, su tsaya a kan abinci da yanayi. Amma maganin wannan shi ne tsari. Ɗalibai su zaɓi batun da kansu tun mako guda kafin ranar. Kada a tilasta wa kowa ba da labarin kansa, a yi magana a kan "wata mata" ko "wani mutum". Wanda ya ga ba zai iya ba, ya yi shiru ko ya fita shan iska ba tare da an tambaye shi dalili ba. A fara koyar da kalmomin saɓani cikin ladabi kafin a shiga zancen. A asibiti ma haka muke yi: ba ma ƙin buɗe rauni don yana da zafi, sai dai mu wanke hannu mu yi a hankali.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, malamin nan Paulo Freire ya koya wa manya kusan 300 karatu da rubutu cikin 'yan makonni, da kalmomin da ya tsinto daga rayuwarsu ta yau da kullum, kowace kalma kuma sai an yi muhawara a kan abin da take nufi a rayuwarsu kafin a rubuta ta. Babba ba yaro ba ne da ya yi tsawo. Ya zo da hankalinsa da gogewarsa, harshe kawai ya rasa.

Kiranmu na farko ga ɗalibai ne: ku roƙa. Ku je wa malama da wasiƙar da ta dame ku, a rufe suna da adireshi, ku ce a yi darasi a kanta. Yawancin malaman ESOL za su yi murna, don su ma sun gaji da kyanwa da kare. Na biyu ga ƙungiyoyinmu da masallatai da majami'u: aji na awa biyu ko huɗu a mako ba ya isa, ga layin jira a kwalejoji da yawa. A ware awa ɗaya ranar Asabar, a dafa shayi, a sa batu ɗaya a faifai. Mu da muka sha wuyar IELTS da OET kafin a ba mu lasisin aiki mun san ɗacin neman kalma a rasa, don haka mu ne ya kamata mu fara ba da lokacinmu. Sharaɗi ɗaya: zaman atisayen harshe ne. Maganar magani a kai wa likita, maganar biza a kai wa lauya ko mai ba da shawara da hukuma ta yi wa rajista. Na uku ga magidanta: wanda ya ce matarsa ba ta buƙatar aji tunda shi yana jin Turanci, ya tuna akwai daren da yake wurin aiki, yaro ya shiɗe, ita kaɗai ce da waya a hannu.

'Yan uwa da ke gida masu shirin tahowa, ku ma ku ji. Satifiket ɗin jarrabawa yana buɗe ƙofar jirgi, amma ba ya koya wa mutum yadda zai ce "ban yarda ba" ga mai gidan haya ko shugaban aiki. Ku fara tun yanzu: ku saurari labarai da Hausa, ku sake sauraren su da Turanci, sannan ku samu aboki ku yi gardama a kansu.

Hajiyar nan kuwa, a tsaye a harabar masallaci muka karanta wasiƙar tare. Ashe rana aka ba ta da za a zo duba bangon, ranar kuma ta riga ta wuce. Muka rubuta jimla huɗu a bayan takardar launukan nan, ta maimaita su har suka zauna, ranar Litinin ta buga waya da kanta aka sake ba ta wata rana. Ta ce min za ta kai takardar aji, ta tambayi sauran matan ko su ma bangonsu yana tsatsa.