Shafin intanet na meri: lissafin kuɗinmu muke son gani

Duk inda aka zauna maganar gyaran ƙananan hukumomi yanzu, sai wani ya ce a buɗe wa kowace meri shafin intanet, wai da haka an fito da komai fili. Ni malamin makaranta ne, kuma ina goyon bayan a buɗe. Jayayyata da irin shafin da aka saba yi ne: hoton shugaba da babbar riga a sama, jawabin barka da zuwa da Faransanci, tarihin kafuwar gari, hotunan yanke ƙyalle, sannan labarin ƙarshe ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wannan madubi ne aka saya wa mutum ɗaya da kuɗin talakawa.

Sanin inda kuɗin gari ya tafi haƙƙi ne da doka ta ba mu. Tun 23 ga Fabrairu 2011 Nijar take da doka mai lamba 2011-22 wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ya gani. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 shi ma ya bar ƙofar zaman majalisar gari a buɗe ga jama'a. Amma iyaye nawa ne a Bazaga ko Tajaye suka taɓa ganin kasafin kuɗin garinsu da idonsu?

Malamai da iyaye mu ne abin ya fi shafa. A Janairun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ke nan gina aji da gyara shi da sayen benci sun shiga hannun meri. Kowace shekara bayan girbi iyaye ke tara kara da zana su kafa rumfa, yara su zauna a ƙasa. Ba mu manta da abin da irin waɗannan azuzuwa suka jawo a 2021 ba: gobara a Yamai cikin Afrilu, wata a Maraɗi cikin Nuwamba, kowacce ta ci yara ashirin ko fiye. Uban da ɗansa ke karatu cikin zana ya isa ya san aji nawa aka sa a kasafin bana, a wane ƙauye, kan sefa nawa, wa aka ba kwangilar, yaushe zai gama.

Ga kuma wani dalili. Tun Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun gari, aka naɗa kantomomi. A da, ko ba komai, akwai kansilan da za ka tare a wurin suna ko jana'iza ka tambaye shi abin da aka zartar. Yau babu shi. Idon da ya rage shi ne na jama'a, kuma kantoman da ke aiki tsakaninsa da Allah shi ya fi kowa buƙatar a ga lissafinsa, don ya tsira daga zargin majalisar shayi.

To me ya kamata shafin ya ƙunsa? Mu duba Ingila. Tun 2015 aka tilasta wa ƙananan majalisun ƙauyukansu, waɗanda kuɗinsu bai wuce fam 25,000 a shekara ba, su wallafa a intanet duk abin da suka kashe sama da fam 100, da lissafin ƙarshen shekara, da bayanan zamansu. Ba a nemi ado daga gare su ba. Namu ma shafi ɗaya ya isa: abin da aka tara na lanho da harajin kasuwa wata-wata, abin da ya zo daga gwamnati da hukumar ANFICT, abin da aka kashe da wanda ya karɓa, sai jerin kwangiloli da ranar kammalawa. Garuruwanmu ba matalauta ba ne kamar yadda ake faɗa. Ƙonni na bakin iyaka, Badagishiri na da kasuwar dabbobi, albasar Galmi ta kai ƙasashen bakin teku, Malbaza na da siminti. Ana yanka tikiti kowace ranar kasuwa. Ina jimillar?

A yi shi kuma daidai da wayar da ke hannunmu. Shafin da sai ka ƙona mega na jikka guda kafin ya buɗe, a ƙauyen da rezo ke zuwa yana tafiya, na baƙi ne da masu ba da tallafi. Rubutu tsagwaronsa, babu hotuna masu nauyi, babu takardar da aka ɗauka hoto a karkace aka loda. Kuma da Hausa. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Idan ba a rubuta kasafin Dogarawa da ita ba, me za a rubuta da ita?

Na san abin da wasu ma'aikata ke cewa: mutanenmu ba su iya karatu ba, ba su da intanet, ɓata kuɗi ne. Su dubi Uganda. Bincike ya nuna cewa a farkon shekarun 1990 kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare don hidimar ɗalibai ke isa gare su. Sai aka fara buga adadin a jaridu, aka kuma umarci makarantu su manna shi a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Iyayen can ba dukansu suka yi boko ba. Mutum ɗaya ne ke karantawa, unguwa ta ji. A nan ma kowane ƙauye na da mushe, ko ɗan koleji, ko ɗan ci-rani da ya dawo da babbar waya. Amfanin shafin shi ne ya zama rumbu: daga cikinsa a ciro takarda a manna a ƙofar meri da ta makaranta, a karanta a rediyon karkara, a tura da murya a WhatsApp. Takardar bango iska na ɗauke ta, wani na iya yage ta da dare. Abin da aka wallafa mutum ɗari suka ajiye a wayoyinsu, ba ya gogewa.

Saura batun wanda zai riƙe shi. Shafuka da yawa sun mutu ranar da kuɗin ƙungiyar da ta gina su ya ƙare, wanda ya tsara ya tafi da lambar sirri a aljihunsa. A sa kuɗin kula da shafin cikin kasafin meri, a ɗora wa sakatare da mai karɓar kuɗi alhakin sabunta shi duk wata uku, a rubuta ranar sabuntawa a sama inda kowa zai gani.

Iyaye, ƴan kwamitin kula da makaranta, malamai ƴan uwana, kada mu jira a kira mu bikin ƙaddamarwa. A zamanmu na gaba mu rubuta wa meri takarda, mu ambaci doka 2011-22, mu nemi kason ilimi na kasafin bana da jerin azuzuwan da za a gina. Mu ajiye kwafi, mu rubuta ranar da muka kai. Merin da ta iya amsa wannan takarda ta riga ta sami abin da za ta sa a shafinta.