Motar Taka Ce, Amma Wa Ke Riƙe Da Ƙwaƙwalwarta?



A zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami mun saba da ƙarar haya, da ta gado, da ta bashi tsakanin abokan ciniki. Kwanakin baya sai ga wata ƙara da ba mu taɓa rubuta irinta ba. Wani Alhaji ya shigo riƙe da hannun wani saurayi, ransa a ɓace. Ya sayi babbar mota ta alfarma, irin wadda muke kira hom-yus, an sauke masa ita a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Koriya ta Kudu. Inji lafiya lau, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, sai dai allon da ke gaban direba da rubutun Koriya yake magana, taswirarsa kuma ba ta san Aboabo ba balle Asawase. Saurayin ya ce zai iya sabunta manhajar allon ya mayar da shi Turanci. Ya sauko da wata manhaja daga intanet, ya zuba a fulash, ya soka a motar. Aiki ya kai rabi batir ya yi sanyi, allo ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Rediyo ya tafi, kyamarar baya ta tafi, har sarrafa na'urar sanyaya mota ya gagara.

An yi sulhu, aka raba asarar, domin mahaifin yaron ba mai hali ba ne. Kafin a tashi dattijo ya yi tambaya ɗaya: "A duk faɗin Zangon nan, babu yaron da ya zauna gaban malami ya koyi aikin nan?" Zaure ya yi tsit. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mu fara da fahimtar abin da ake taɓawa. Tun shekarar 2001, lokacin da kamfanin BMW ya fito da tsarin iDrive a manyan motocinsa, masu ƙera motocin alfarma suka shiga tattara maɓallai suna mayar da su cikin allo guda. Motar yau tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke magana da juna, allon nan kuwa shi ne bakin ƙofarsu. Manhajar da ke tafiyar da shi an rubuta ta ne daidai da samfurin motar, da shekararta, da kasuwar da aka ƙera ta dominta. Ta Turai daban, ta Amurka daban, ta Koriya daban. Wanda ya zuba ta wata ƙasa a motar wata ƙasa ya ɗura wa mara lafiya maganin wani. Sannan yayin da ake zuba sabuwar manhaja ana goge tsohuwa ne, saboda haka in wuta ta yanke a tsakani, na'urar ta rasa tsohuwar ba ta sami sabuwar ba. Shi ya sa ƙwararru suke jona motar da na'urar da ke riƙe ƙarfin batir kafin su fara. In kuwa an ce a je Magazin a ciro wani allon daga motar da ta yi haɗari, a sani cewa wasu kamfanonin Jamus suna ɗaure allon da lambar shasin motarsa ta asali, ba ya aiki sosai a wata motar sai wakilinsu ya buɗe shi.

Akwai kuma larurorin da sabunta manhaja ba ta warkarwa, ko da mai sayarwa ya rantse. Yawancin tsofaffin rediyon motocin Japan daga mita 76 suke farawa su tsaya a 90. Mai irinsu zai kama Zuria FM a kan mita 88.7, amma tashoshin da ke sama da 90 sai an ƙara wata 'yar na'ura a bayan rediyon. A shekarar 2022 manyan kamfanonin waya na Amurka suka rufe layinsu na 3G, motoci da yawa suka rasa hidimomin da suke samu ta wannan layin tun suna can. Taswirar da ta zo da motar ma sau da yawa babu Gana a cikinta. Wanda motarsa take karɓar Apple CarPlay ko Android Auto, ya haɗa wayarsa kawai, taswirar wayar za ta kai shi Kejetia ta dawo da shi. Allon da yake aiki, in babu larura, a bar shi ya huta.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce: wannan ciwon masu kuɗi ne, mutum nawa ne a Zango ke hawa motar alfarma? Gaskiya ne, ba su da yawa. Sai dai abin da ya fara a motar attajiri yana ƙarewa ne a tasi. Tun watan Mayu na 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a kowace sabuwar ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka, kuma waɗannan motocin ne suke sauka Tema a yanzu. Nan da 'yan shekaru ƙaramar motar da ɗanka yake haya da ita tana da allo da manhaja. To wa zai gyara ta?

A nan ne maganar ta shafi tuwonmu. Gidaje nawa ne a Sabon Zango da Yalwa da Akwatia Line suke ci daga Magazin ta Suame? Wannan unguwa ta masu gyara, wadda ta samo asali tun zamanin Turawan mulki, ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda masta zai kasa kunne ya ji kukan inji ya faɗi ciwonsa. Wannan baiwa ce, ba mu raina ta ba. Amma kunne ba ya jin ciwon manhaja, sifana kuma ba ta kwance shi. In fitanmu bai iya karanta abin da kwamfuta ta faɗa ba, mai mota zai wuce shi ya nufi Ankara, ko ya faɗa hannun mai ƙarfin hali irin saurayin nan.

Kakanninmu ba su ji tsoron sauyin zamani ba. Da jakuna suka bi hanyar Gwanja neman goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892 suka nemi wasu kasuwannin, Kumasi na cikinsu. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1903, lori ta biyo baya, 'ya'yan fatake suka zama direbobi da makanikai. Kowane zamani ya zo da abin hawansa, suka koyi linzaminsa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko ga iyaye: yaron da ya nuna son waya da kwamfuta kada a tsaya ga yi masa faɗa, a tura shi ya koyi lantarkin mota, a Kwalejin Koyon Sana'a ta Kumasi ko Jami'ar Fasaha ta Kumasi, ya kuma haɗa da zama gaban masta. 'Yan mata ma su shiga, domin aikin natsuwa yake so, ba ƙarfin damtse ba. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya riga ya san cewa ɗigo ɗaya yana sauya ma'anar kalma, kuma wannan tarbiyyar ce aikin manhaja yake nema.

Ta biyu ga masu hali da ƙungiyoyinmu: na'urar binciken ciwon mota da ta riƙe ƙarfin batir sun fi ƙarfin ɗan koyo, amma ba su fi ƙarfin adashin ƙungiya ba. Asusun Raya Zango, wanda majalisa ta yi dokarsa a 2017, mu je masa da wannan buƙata a rubuce, da sunayen yaran da suka shirya.

Ta uku ga mai mota da mai gyara: kafin a soka fulash a tambayi inda manhajar ta fito, a gwada ta da lambar shasi, a kuma rubuta wanda zai ɗauki asara in abu ya lalace. Wanda ya tarar da lambobin waya da adireshin tsohon mai motar a cikin allo ya goge su, amana ce ta wanda bai san shi ba. Ranar da zai sayar shi ma ya goge nasa.

Shi saurayin nan dattijo bai sallame shi da faɗa kawai ba. Ya sa an nemo masa masta mai aikin lantarkin mota, Alhajin da ya kawo ƙararsa kuma ya ɗauki rabin kuɗin koyon. Muna fata ranar da aka sake yin waccan tambaya a zaure, a sami hannuwa goma a sama.

Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, Ya shirya mana zuri'a. Amin.