Fuskar Roba Ko Ta Baduku?

A azumin da ya wuce na kwana biyu a Karaye. Bayan an sha ruwa, an yi asham, sai ga ayarin yara sun iso ƙofar gidan da na sauka, suna tashe. Da na haska su da fitila sai na ga jagoransu ya rufe kansa da wata fuska ta roba irin wadda a ke kawowa daga ƙasashen waje, koriya shar, da haƙora zaƙo-zaƙo. Na tambaye shi ko wa ya ke kwaikwayo. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai a kasuwa ya saya. Muryarsa da ƙyar ta ke fitowa, gumi kuwa ya jiƙa masa wuyan riga. Na ba su abin da ya sawwaƙa suka wuce, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na kawo maganar gaban malaman makaranta da akawunan hukuma, don a hannunsu gyaran ya ke.

Ra'ayina shi ne, in dai yaranmu za su ɗaura fuskar aro a wurin wasa, to, ta zama ta fata, wadda badukun garinsu ya yi da hannunsa, mai kama da irin mutanen da suka sani.

Ɓad da kama a wasa ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun daga dare na goma na watan azumi a kan fara tashe, sai ka ga yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau Mai Magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, suna koyon zaman aure. A ƙauyuka, bayan an kau da amfanin gona, samari kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. A fadar Kano kuma an san wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Har a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yara suna wasan dodo da fuskokin dabbobi a watan azumi, kuma mutanen can da kansu suna cewa fataken Hausawa ne suka kai musu. Duk waɗannan wasanni abu guda ya haɗa su: mai kallo ya san wanda a ke kwaikwayo, in ya yi dariya ya san dalili, kuma sau da yawa ya kan koma gida da abin tunani. Fuskar roba kuwa ba ta kama da kowa a Karaye ko Rogo. Iyakarta ta firgita ƙananan yara.

Kada wani ya ce dukawanmu ba su taɓa irin wannan aiki ba. Ku dubi burtu na maharba. A kan sassaƙa itace kamar kai da wuyan tsuntsun nan, a lulluɓe shi da baƙar fata, wani lokaci a yi masa ado da idon zakara, a sa masa maɗauri. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya duƙa, yana kaɗa kai kamar burtu yana kiwo, har ya kusanci naman daji bai gudu ba. Wanda ya iya ruɗin barewa da itace da fata, ai ya iya kwaikwayo. Irin waɗannan burtu yau suna ajiye a gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka, mu kuwa yaranmu da dama ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Akwai darasi gare mu a ƙasar Italiya. Tun a ƙarni na 16 suna da 'yan wasa masu yawo gari gari, da yawansu da fuskarsu ta fata: akwai Arlekino, bara mai yunwa da wauta, akwai Pantalone, tsohon attajiri marowaci, akwai kuma wani malami mai yawan surutu ba kan gado. Fuskar rabi ce, daga goshi zuwa leɓen sama, an bar baki a buɗe don magana. Sannu a hankali wasan ya mutu, sana'ar yin fuskar ta bi shi. A shekarar 1947, da wani gidan wasa a birnin Milan ya so ya tayar da shi, Marcello Moretti, mai fitowa a Arlekino, sai da ya shafa baƙi a fuskarsa, sabo da fuskokin da a ke da su a lokacin suna cutar da shi. Wani masassaƙi mutumin Paduwa, Amleto Sartori, shi ya duƙufa yana duba tsofaffin da suka rage, yana gwadawa yana ɓatawa, har ya gano yadda mutanen da su ke yi. Ya rasu a 1962, ɗansa Donato ya gaje shi, a 2004 kuma aka buɗe gidan ajiye fuskokinsu a garin Abano Terme. Su sai da sana'ar ta mutu suka tono ta da wahala. Mu tamu tana da sauran numfashi.

Ga yadda su ke yi. A sassaƙa fuskar a jikin itace. A jiƙa kirgi har ya yi laushi, a shimfiɗa shi a kai, a ja, a kafe gefensa da ƙusoshi. Sa'an nan a bi shi da 'yar guduma ta ƙaho, ana bugawa a hankali har fatar ta shiga kowane lungu, a goge da itace mai santsi, a bar ta ta bushe, a huda ido, a rina. Wanne ne a cikin wannan ya fi ƙarfinmu? Fatar da su ke so ita ce wadda aka jeme da sassaƙen itatuwa, mu kuwa da bagaruwa majemanmu ke jima tun kaka da kakanni. Muna da karan dafi na ja, da kuloko na baƙi, da gangamau na rawaya. Masassaƙin da ya iya turmi da akushi ba zai kasa wannan ba. Fata kuma tana shan gumi, tana bin siffar fuskar mai ita, in an kula da ita ta yi shekaru. Abin takaici shi ne, fatun awaki da na tumaki da a ke jemewa a masana'antun Kano, da yawansu Italiyar a ke kai su, fatar shanu kuwa ganda ta cinye, baduku yana zaune ba aiki sai layu da gyaran takalmi.

Na san za a yi mini musu ta fuska biyu. Na farko, wani zai ce wasanninmu na littafi ba su bukatar rufe fuska. Gaskiya ne. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, duk zaman duniya ne tsagwaronsa. Finafinan Kano ma, tun daga Turmin Danya na 1990, fuskar ɗan wasa su ke nema a sarari. Amma wasan fili da dare daban ya ke. Wanda ke can bayan taro ba ya ganin motsin gira, sai an ƙara mata girma. Kuma kowane malami ya san yaron da ke da baki a aji amma in an tsayar da shi gaban iyaye sai ya daskare. A ɗaura masa fuska a ga abin mamaki. Ɗan talaka ma ya fi samun zuciyar kwaikwayon azzalumin mai bin bashi in ba tasa fuskar a ke kallo ba.

Na biyu, wani zai kawo maganar addini, ya ce wannan ya yi kama da gumaka da dodannin maguzanci. Wannan magana ba ta rainawa ba ce, hukuncinta kuwa na malamai ne, a tambaye su tun kafin a soma. In sun ga cikakkiyar fuska ba ta dace ba, a tsaya ga goshi da gira da hanci da gemu, wanda bai wuce gemun audugar da aka saba da shi ba. Amma ina roƙon mai wannan musu ya lura, fuskar aljanun roba ta riga ta shigo ƙofar gidansa, ba wanda ta nemi izininsa.

To, me za a yi? Abu ne mai sauƙi. Kowane hedimasta a Karaye da Rogo ya haɗa baduku da masassaƙi, ya sa su yi wa makarantarsa fuska uku ko huɗu: tsoho, marowaci, mai maganin ƙarya, da kura. A biya su kuɗin aikinsu cif, kada a ce taimako ne. A kai yara su zauna su ga yadda a ke yi. Akawunan sashen ilmi su sa wannan ɗan kuɗi cikin kasafin shekara, su kuma samu littafi su rubuta wasannin tashe na kowane gari daga bakin tsofaffi, da kayan da a ke sawa. Tun 2024 ƙananan hukumomin nan biyu su ne ƙasar Masarautar Karaye, sabo da haka in fada ta yarda a yi gasar makarantu sau ɗaya a shekara, sauran garuruwa za su yi koyi.

Na farkon da baduku zai yi ba lalle ta yi kyau ba, ta Sartori ma ba a rana ɗaya ta yi ba. A ba shi ta biyu da ta uku. Ina fata in na koma Karaye wani azumi, in tambayi yaro wa ya ke kwaikwayo, ya ba ni amsa, har ya faɗa mini unguwar badukun da ya yi masa fuskar. Allah ya sa mu gane, amin.