Sarkin Yaƙi Ya Koma Tallan Gado

Jama'a, a ƙasar Fotugal akwai otal ɗin da ya keɓe ɗaki guda ya raɗa masa sunan Afonso Henriques, watau sarkin da ya kafa ƙasar. Baƙo ya biya kuɗi, ya miƙe ƙafa, ya yi minshari, wai shi ke nan an girmama uban ƙasa. Ni dai ban yarda ba. Ciniki ne kawai, kuma tarihi ne ke kwana a ciki.

To, wane ne Afonson? A 1128, a São Mamede kusa da garin Guimarães, ya fatattaki rundunar mahaifiyarsa Teresa, ya ƙwace mulki. Bayan yaƙin Ourique na 1139 aka shiga kiransa sarki, amma Paparoma bai amince da sarautar ba sai a 1179. A 1147 ya yi wa Lisbon ƙawanya wajen wata huɗu, da taimakon mayaƙan Salibiyya daga Ingila da Jamus da Filanda ta ƙasar Beljiyam. Birnin kuwa ya haura shekara 400 a hannun Musulmi. Da aka buɗe ƙofa, baƙin mayaƙan nan suka afka wa mutanen gari da wasoso, aka mai da babban masallaci majami'a. Shi ne kuma a 1170 ya ba Musulmin da suka rage a Lisbon takardar kariya. A 1169 ya karya ƙafa a Badajoz, surukinsa Sarkin Leon ya kama shi. Wanne daga cikin waɗannan mai otal zai rataya a bisa gado? Takobi da kambi kaɗai ke sayar da ɗaki.

Na san wani zai ce, "Haba malam, sunan ɗaki ne fa, mene ne abin ta da jijiyar wuya?" Amsata ita ce, an taɓa yin wannan kwaskwarimar, an kuma ga amfanin da aka yi da ita. A 1940 gwamnatin kama-karya ta Salazar ta yi gagarumin bikin cikar ƙasar shekara 800. Ta gyara ganuwar Guimarães, ta wanke Afonso tas, ta kafa shi a matsayin mafarin daular da a lokacin ke danne Angola da Mozambik da Gini Bisau. Gwamnatin ta faɗi a 1974, amma hoton da ta zana bai faɗi tare da ita ba. Ɗan yawon buɗe ido da ya kwana biyu ya wuce, hoton nan zai kai gida, don ba kowa ke zuwa laburare ba.

Ba na hana Fotugal alfahari da sarkinta. Mutumin da ya rayu har 1185 yana riƙe da ƙasar da ya haɗa da hannunsa ya cancanci a tuna da shi. Amma in za a tuna, a tuna duka. A ajiye takarda shafi ɗaya a gefen gado, a rubuta Ourique, a rubuta Teresa, a rubuta Lisbon. In mai otal na tsoron baƙi su kasa barci, to ya cire sunan ya sa lamba kamar sauran ɗakuna.

Mu kuma ɗalibai da malamanmu, in muka bar wa 'yan kasuwa aikin ba da labarin magabata, kada mu yi kuka ran da suka sayar mana da rabinsa. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ita aka turo mu nema a jami'a.