Jan-baki ne abokin gaba, ba itace ba

Duk shekara, da zarar hatsi ya fid da kai a ƙasar Adar, idon manomi yakan koma sama. Daga fadamun Madawa zuwa kwarin Majiya da tsaunukan Keita, jan-baki na iya sauka bisa gona da hantsi, kafin la'asar ya bar zangarniya ba ƙwaya. Tsuntsun bai kai giram 30 ba, amma dubbai yake tafiya. In rumbu ya kwana wayam, tiya ta hau a kasuwa, ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke jiran albashi duk sai sun ji a jikinsu. Saboda haka yaƙi da jan-baki wajibi ne. Abin dubawa shi ne makamin da ake ɗauka.

Makami na farko gatari ne. Manomin da ya fusata yakan sare itacen da tsuntsaye ke kwana a kai. Sai dai itatuwan wannan yanki da gumi aka samo su. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon-yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya soma da kuɗin Italiya, aka dasa miliyoyin itatuwa. In aka sare su, jan-baki ya sake masauki, hamada kuwa ta samu ƙofa. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Makami na biyu feshi ne. Gubar fenthion, wadda aka daɗe ana fesa wa jan-baki a Afirka, ba ta zaɓe. Shaho da mujiya da suka ci mushen sukan bi sahu, alhali su ke rage ɓeraye a gona, kamar yadda shamuwa da balbela ke rage fara. Mutum ma bai tsira ba in gawar tsuntsun ta shiga tukunya.

Nijar tana da doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Amma dokar da ta tsaya a ofis ba ta kare komi a daji.

Ya kamata ma'aikatan kare tsirrai su gano makwancin jan-baki tun kafin hatsi ya nuna, tare da hakimai da masu gari. A yi feshi a makwancin da aka tabbatar kaɗai, nesa da tabki da rijiya, a tattara mushen a binne. Inda raga za ta wadatar, a ajiye guba. Ma'aikatan gandun daji kuma su bayyana dokar da Hausa a gidajen rediyon karkara kafin su rubuta tara. Manomin da hukuma ta kai wa ɗauki a kan kari ba zai ɗauki gatari ba.