RA'AYINMU: Bastiya da shingayen kan hanya

Firederik Bastiya ɗan bakin iyaka ne. An haife shi a 1801 a Bayon, garin kasuwanci na Faransa kusa da ƙasar Sifen, kuma tun yana matashi ya shiga kamfanin danginsa mai fitar da kaya waje. A nan ya ga yadda harajin kwastan ke durƙusar da ciniki. A 1846 ya zama editan wata jarida mai fafutukar sakar wa ciniki mara, a 1848 kuma jama'ar yankin Land suka zaɓe shi ɗan majalisa. Tarin fuka ya kashe shi a birnin Rum a 1850, yana da shekara 49.

Abin da ya sa muka tuno shi wani ba'a ne da ya yi. Lokacin da ake shirin shimfiɗa layin dogo daga Faris zuwa Sifen, an samu mai neman a datse layin a birnin Bordo, wai don 'yan dako da masu masauki su samu na tuwo idan an sauke kaya an sake lodi. Sai Bastiya ya ce to kowane gari da ke kan hanya shi ma a datse masa, har layin ya zama giɓi zalla.

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kowane shinge yana da masu ci a bakinsa, kuma su ne ake gani. Wadda ba a gani ita ce matar da ta sayi mudun wake da tsada, don direba ya ɗora mata kuɗin da ya bari a hanya. Mun ga irin haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023: kaya ba su daina shiga ba, sai dai ta daji, farashi kuma ya hau.

Bastiya bai ce a soke kwastan ba. Ya yarda hukuma ta karɓi haraji daidai gwargwado don baitulmali. Mu ma iyakar roƙonmu ke nan ga hukumomin ɓangarorin biyu: a manna farashin haraji a bakin iyaka, a biya sau ɗaya, a ba da rasit. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su riƙa ƙirga shingayen, suna rubuta abin da aka karɓa a kowanne.